Yadda aka gina Alhambra a kan tudu, da abin da ya riƙe ta har yau

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne, kuma kullum ana nuna mana hoton fadar Alhambra ta birnin Granada. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne: da me aka gina ta, yaya ruwa yake hawa kan tudu ya cika tafkunanta alhali babu inji a wancan zamani, kuma me ya hana ta zubewa shekara kusan 800?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyinka uku ne, amma duk a kan ruwa suke juyawa. Ruwa ne ya sa aka iya zama a kan tudun, shi ya tsara inda kowane gini zai tsaya, kuma shi ne babban abin da ke cin ginin idan aka yi sakaci. Hotunan da ake nuna muku na ado ne. Adon kuwa fata ce mai kaurin 'yan santimita a kan gangar jikin da aka yi da jar ƙasa, tsakuwa da farar ƙasa.

Mu fara da tudun kansa. Sunansa Sabika, yana kudancin Sifaniya, a gindin duwatsun Siyera Nebada. Dogo ne siriri: filin da ganuwa ta kewaye ya kai tsawon kimanin mita 740, faɗinsa a inda ya fi faɗi kimanin mita 205, gaba ɗaya kusan murabba'in mita 142,000. Ta arewa kogin Daro ya yanke shi ya bar gangare mai tsayi, ta kudu akwai kwari, ta gabas wani kwazazzabo ya raba shi da tudun da ke bayansa, wanda ya fi shi tsayi. Ka riƙe wannan na ƙarshe, domin daga can ruwa yake zuwa. An daɗe da ƙaramin sansani a ƙarshen tudun na yamma, tun ƙarni na 9 ana ambatonsa. Amma Alhambra da muka sani ta fara ne a 1238, lokacin da Muhammad ɗan Ahmar, wanda ya kafa gidan sarautar Banu Nasr, ya mai da Granada hedkwatarsa ya zaɓi hawa kan tudun maimakon zama a tsohuwar fadar da ke unguwar Albaisin. Sunan daga Larabci ne, Alhamra'u, wato ja.

Abu na farko da ya yi, tare da gyaran sansanin, shi ne jawo ruwa. Dabarar ba ta da sarƙaƙiya, aiwatar da ita ne ke da wuya. Kogin Daro yana wucewa can ƙasa da ganuwa, ɗebo shi daga nan sai da jakuna. To amma kogi daga sama yake gangarowa. Idan ka bi shi ka yi ta haurawa, za ka kai inda gadonsa ya fi ƙololuwar tudunka tsayi. Sun sami wannan wuri a nisan kimanin kilomita 6 daga fadar. A nan suka yi madatsa, suka karkatar da wani kaso na ruwan cikin magudanar da suka yanka a jikin tudu, wadda ake kira Magudanar Sarki. Kogin yana faɗuwa da sauri, magudanar kuma tana sauka a hankali ƙwarai, saboda haka kowane kilomita tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa. Ko da ta iso, har yanzu ta fi fadar tsayi. Sai ta ratsa lambun Janaralife, gidan hutun sarakuna da ke kan tudun gabas, ta haye kwazazzabon gabas a kan gada, ta shiga ganuwa ta gefen hasumiyar da ake kira Hasumiyar Ruwa, sannan ta bi ƙarƙashin babban titin da ke cikin ganuwar daga gabas zuwa yamma tana rarraba ruwa.

Wurin da ake faɗuwa a irin wannan aiki shi ne awon gangare. Idan magudana ta cika gangare, ruwa zai yi gudu ya ci bakinta, kuma ka yi asarar tsayin da kake nema. Idan ta cika kwanciya, laka da yashi su zauna su toshe ta. Ga kuma zaizayar jikin tudu da ke rufto mata bayan ruwan sama mai ƙarfi. Shi ya sa wasu sassan suka bi ta cikin rami a ƙarƙashin ƙasa, kuma aikin yasa bai taɓa yankewa ba. Magudana irin wannan ba a gama ta a tafi, sai da ma'aikata na dindindin.

Da sarakuna suka so noma da gini a wuraren da suka fi magudanar tsayi, sai suka ƙara dabara biyu. Ta farko, sun raba ruwan tun daga nesa, suka ɗauki kashi ɗaya cikin uku suka bi da shi ta wata hanya da ta fi ta farko tsayi. Ta biyu, sun haƙa rami a kwance daga magudanar zuwa gindin wata rijiya mai zurfin kimanin mita 17, dabba tana juya wili mai jeren tuluna yana ɗago ruwan yana zubawa a babban tafki da ke ɗaukar kusan kubik mita 400. Daga tafkin nan ruwa ya sake gangarowa da kansa. A cikin fadar kuwa, bututun yumɓu da na darma ne ke kai ruwa ga kowace maɓuɓɓuga, kuma ƙarfin ɓullowarsa ya dogara ne kacokan ga bambancin tsayi tsakanin mafari da baki. Wannan ya sa maɓuɓɓugan asali ba sa tsiri sama, ɓulɓulowa suke yi a hankali. Jerin ruwan da ke tsiri yana haɗuwa a sama a farfajiyar Janaralife, wanda ka sha gani a hoto, ƙari ne na ƙarni na 19.

Yanzu kayan gini. Tudun Sabika ba dutse ɗaya ba ne, cakuɗe ne na tsakuwa, duwatsun kogi da jan yumɓu da suka manne tun fil azal. Daga nan aka haƙi mafi yawan abin da aka yi ganuwa da hasumiyoyi, kuma jan yumɓun ne ya ba su launinsu. Hanyar ginin kuwa, Larabawan Andalus da Magrib suna kiranta ɗabiya. Ta bambanta da ginin tubali da maginanmu suka saba, inda ake murza ƙasa jiƙaƙƙiya a busar da ita a jera. A ɗabiya ƙasar ba a kwaɓa ta, danshi kaɗan kawai ake ba ta, sai a daɓe ta cikin akwatin katako a kan bangon kansa.

Ga yadda ake yi. Ana fara harsashi da dutse da kwaɓin farar ƙasa don bango ya tashi daga laimar ƙasa. A ɗora sanduna a gicciye a kan bangon, a tsayar da alluna biyu a kansu, ɗaya ciki ɗaya waje, a ɗaure da igiya. Tsayin allon yawanci tsakanin santimita 80 da 90 ne. Sai a zuba ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa, kowace kamar santimita 10, ana daɓewa da madaɓi har sautinsa ya canza ya daina nutsewa. Sirrin ingancin yana nan: kafin kowace shimfiɗa, ana zuba kwaɓi mai yawan farar ƙasa a jikin allon, sannan a cika tsakiya da ƙasa. Da an daɓe, farar ƙasar tana kutsawa cikin bango kamar haƙora, ta zama ɓawo mai tauri wanda ba shafe ba ne balle ya ɓare. Idan akwati ya cika a kwance alluna a matsa gaba. A layi na sama ana sa mahaɗar akwatuna ta kauce wa ta ƙasa, don kada tsaga ta sami hanya miƙaƙƙiya. Jerin ƙananan ramukan da za ka gani a jikin hasumiyoyin wurin sandunan nan ne. Da su ma masu bincike ke ƙirga layukan gini.

Abin da ke lalata irin wannan bango sananne ne. Ƙasa mai yawan ruwa tana tsagewa idan ta bushe. Shimfiɗa mai kauri ba ta daɓuwa har ƙasa, sai ta bar rauni a kwance. Idan ɓawon waje ya fashe, ko ruwa ya shiga ta ramukan sanduna, ko indararo ya karye yana zuba a jikin bango, cikin da ke da ƙarancin farar ƙasa yana narkewa da sauri. Daga ƙasa kuma laima tana haurawa da gishiri, gishirin ya bushe ya kumbura ya rugurguza gindin. Mafi muni shi ne gyara da siminti. Siminti ya fi bangon tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa ya taru a bayansa, wata rana facin ya faɗo da guntun bangon asali a manne. Masu gyaran kirki da farar ƙasa suke aiki, kuma wannan darasi ne ga duk wanda aka ba gyaran tsohon ginin ƙasa a ko'ina.

Tsarin wurin gari ne sukutum, ba fada ɗaya ba. A ƙarshen yamma akwai Alkasaba, sansanin soja, da gidajen dakaru da hasumiyar tsaro mai tsayin kimanin mita 26 wadda ke kallon dukan birni. A gefen arewa, bisa gangaren Daro, fadojin sarakuna. Sauran filin gari ne mai masallaci, gidajen wanka, gidajen ma'aikata, majema, matoya da maƙabartar sarakuna. Muhammad na Uku, wanda ya yi mulki daga 1302 zuwa 1309, shi ya gina babban masallacin da fadar Fartal. Ƙofar Shari'a, babbar mashiga ta kudu, Yusuf na Ɗaya ya kammala ta a 1348. Ka lura da ita sosai: hanyar cikinta tana hawa tana lanƙwasa sau huɗu, don kada mahaya su shigo a guje ko a sami filin dukan ƙyaure da gungume, kuma tsakanin bakan waje da ƙofar ciki an bar sarari buɗe ta sama inda masu gadi ke iya jefo abu a kan wanda ya tsaya.

Ginin da ya fi nuna yadda suka yi amfani da gangare shi ne Hasumiyar Komares ta Yusuf na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354. Daga waje hasumiyar yaƙi ce mai tsayin kimanin mita 45, ƙafarta a can ƙasa a jikin gangare. Daga ciki kuwa, mutum yana shiga ta a daidai ƙasan tsakar gida ba tare da ya hau matakala ba, ya tarar da zauren sarauta mai faɗin mita 11.3 kowane gefe da tsayin mita 18.2. Bangon yana da kauri har an fafe lunguna tara a cikinsa, uku a kowane ɓangare uku, kowanne da tagarsa. Na tsakiya a bangon arewa shi ne mazaunin sarki: haske na bayansa, baƙo yana ganin inuwarsa kafin ya ga fuskarsa. Rufin katako ne da aka harhaɗa da guntaye 8,017, an tsara taurarinsa hawa bakwai, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta Suratul Mulk, surar da ta ambaci sammai bakwai hawa-hawa. A nan ma nauyi ya taɓa zama matsala: ƙubbar bulo da ke saman wannan rufi tana tura bango waje, har a ƙarshen ƙarni na 17 aka sauke ta aka maye gurbinta da jinkar katako mai sauƙi.

Gaban zauren akwai tsakar gida mai tafki, tsawonsa mita 34, faɗinsa kimanin mita 7. Ruwa yana shiga ta 'yan ƙananan kwanoni a ƙarshensa biyu, ta wata siririyar hanya da ke rage masa gudu kafin ya taɓa tafkin, don fuskar ruwan ta zauna lumui ta ɗauki hoton hasumiyar. Tafkin yana kuma sanyaya iska. Da bazara iska tana ratsa kansa ta shiga zaure ta ƙofa da ƙananan tagogi, mai zafi ta fita ta tagogin sama masu raga. Bango mai kauri yana jinkirta zafin rana har dare. An yi tagogin ƙasa-ƙasa ne saboda mutanen gidan a ƙasa suke zama.

Fadar Zakuna ta Muhammad na Biyar ce, a zangon mulkinsa na biyu, 1362 zuwa 1391. Tsakar gidanta ƙarama ce, kimanin mita 28.5 da 15.7, ginshiƙan mabul 124 sun kewaye ta, zakuna 12 na mabul ɗin garin Makayel suna ɗauke da kwano a tsakiya, hanyoyin ruwa huɗu sun haɗa ta da ɗakunan da ke kewaye. Abin da ɗalibin gini ya kamata ya gane shi ne yawancin bakunan da ke saman ginshiƙan ba sa ɗaukar nauyi. Nauyin rufi yana bi ta katakon da aka gicciya zuwa ƙananan ginshiƙan bulo da ke tsaye a kan na mabul. Abin da ke tsakani labule ne na jibsin, farin garin nan da masu silin ɗin POP ke aiki da shi, an huhhuda shi haske yana ratsawa. A mahaɗar kowane ginshiƙi da ƙafarsa da kansa an shimfiɗa fallen darma. Darma tana da laushi, tana raba nauyi daidai don kada mabul ya fashe a wuri ɗaya, kuma tana barin ginshiƙi ya ɗan motsa. A yanki mai girgizar ƙasa kamar Granada wannan ba ƙaramin abu ba ne. Girgizar 1431 ta rusa fadar Alihares da ke kan tudun sama, amma waɗannan siraran ginshiƙai suna nan.

Ƙubbobin muƙarnas, wato adon jibsin mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ma haka suke. Ta Ɗakin 'Yan'uwa Mata Biyu, a Fadar Zakuna, tana da ƙwayoyi fiye da 5,000, amma daga 'yan siffofi kaɗan aka haɗa su, ana maimaitawa. Ba ita ce ke tare ruwan sama ba, akwai jinkar katako da tayil a samanta. Idan jinkar ta yi yoyo, jibsin yana shan ruwa ya yi laushi, ƙusoshin ƙarfen da ke riƙe ado su yi tsatsa su kumbura su fasa shi daga ciki. Bango kuma an raba shi hawa uku bisa hikima: ƙasa, inda jiki da danshi ke taɓawa, tayil mai ƙyalli da aka yayyanka aka jera, tsakiya jibsin sassaƙaƙƙe ko na zubi, sama katako. Launin hauren giwa da ake gani yau ba shi ne na asali ba, an yi wa adon fenti ja da shuɗi da ruwan zinariya. Ko'ina ka duba akwai taken gidan, "Wa la galiba illallah", da baitocin mawaƙan fada, musamman Ibn Zamrak, wanda waƙarsa ke zagaye da kwanon zakuna.

A wannan Granada ce aka haifi mawaƙi kuma magini Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Timbuktu a 1346. Ya bar garin kafin a gina Komares da Fadar Zakuna, saboda haka kada a ɗauka ya kawo salonsu Afirka ta Yamma.

Janaralife, gidan hutun da ke ƙetaren kwazazzabo, gona ce kafin ta zama wurin shaƙatawa. An yanka gangaren daki-daki, kowane daki da bangon ɗabiya da ke tare ƙasarsa, kuma har yanzu ana noma lambunanta huɗu. Bangon tare ƙasa yana faɗuwa ne idan ruwan ban-ruwa ya taru a bayansa ya ƙara masa nauyi, don haka dole a ba ruwan mafita zuwa dakin da ke ƙasa. Akwai matakalar da ruwa ke gudu a kan bangayen gefenta biyu, cikin tayil da aka kifar ya zama kwata.

Bayan 2 ga Janairu 1492, ranar da Muhammad na Goma Sha Biyu ya miƙa Granada ga Fardinan da Isabela, sarakunan Kirista na Sifaniya, wurin ya zama gidan sarautar Kirista, kuma wannan na cikin dalilan da ba a rushe shi ba. Sababbin masu gidan sun ji tsoron a yanke musu magudana a lokacin yaƙi, sai a 1494 suka gina matarar ruwa a kwarin da ke tsakanin Alkasaba da fadoji, tsawonta mita 34, faɗi 6, zurfi 8, suka rufe ta ta zama fili. A 1527 aka fara fadar Sarki Sharl na Biyar bisa zanen Pedro Machuca: murabba'i mai mita 63 kowane gefe, da'ira mai faɗin mita 30 a tsakiya, duka da sassaƙaƙƙen dutse aka yi ta. An ci wani ɓangare na kudancin Komares don a ba ta wuri, kuma ta zauna babu rufi har ƙarni na 20. An rushe masallacin aka gina coci a gurbinsa.

Ɓarnar da ta biyo baya yawancinta ta wuta ce da hannun mutum. A 1590 wani gidan albarushi a kwarin Daro ya fashe ya lalata rufin wasu ɗakuna. A 1812 sojojin Faransa da za su janye suka tarwatsa hasumiyoyi da dama, har da ta Ruwa. A 1890 gobara ta cinye rufin ɗakin da ke gaban zauren Komares. Masu gyara na ƙarni na 19 ma sun yi tasu: sun ɗora ƙubba mai tayil kala-kala a kan rumfar gabas ta Fadar Zakuna don ta yi kama da abin da Turawa ke zato na Gabas. Leopoldo Torres Balbás, wanda ya kula da wurin daga 1923 zuwa 1936, shi ya sauke ta a 1934 ya mayar da jinka mai kusurwa huɗu. An zage shi sosai a lokacin, amma a ganina gaskiya na tare da shi, domin ƙa'idarsa ita ce a ƙarfafa abin da ya rage, a bar sabon aiki ya nuna kansa sabo ne, kada a ƙirƙiro abin da babu hujjarsa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1984.

Matsalolin yau ma na ruwa ne. Lambun da aka taɓa shukawa a tsakar Fadar Zakuna an cire shi saboda ban-ruwansa yana jiƙa gindin ginshiƙai. Zakunan kansu ruwan magudana ya lulluɓe su da ɓawon ma'adini da gansakuka, har aka kwashe su a 2007 aka wanke, aka mayar a 2012 da sabon tsarin ruwa da ake tacewa yana zagayawa. Numfashi da tafin hannun baƙi ma suna cin jibsin, shi ya sa ba a barin fiye da mutum 300 su shiga fadojin a kowane rabin awa, kuma tikiti yana ɗauke da lokacin shiga. Babbar barazana kuwa tana waje, a gindin tudun ta arewa: wata gaɓa da ake kira Taho na San Fedro, mai tsayin fiye da mita 60, wadda kogin Daro, ruwan sama da girgizar ƙasa suka daɗe suna ci, tana matsowa kusa da ganuwar Alkasaba. Tazarar da ta rage 'yan gomomin mita ce. Irin wannan ƙasa mai tsakuwa tana iya tsayawa a miƙe shekaru da yawa muddin ta bushe kuma ba a ci gindinta ba, don haka aikin injiniyoyi a wurin shi ne auna motsinta, kawar da ruwan da ke gangarowa ta samanta, da kare ƙafarta daga ambaliyar kogin.